TARANSIFOMAR JIRGIN RUWA: A DUBA LAMBA KAFIN A SAYO A RIYAD

Jama'a, birnin Riyad yana tsakiyar hamada ne, babu teku kusa da shi sai an yi tafiyar kilomita wajen 400 zuwa Dammam. Amma fatakenmu suna shiga kasuwar Batha su sayo kayan lantarki, har mai jirgin ruwa yakan ba su sautun taransifoma in tasa ta lalace. Wannan sautu yana da haɗari, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayaninsa.

Da fari, maganar ba ta shafi kwalekwale mai injin baya ba. Muna nufin jirgin da in ya tsaya a gaɓa ake jawo masa wutar gari da waya, ko a Tema ne, ko Ikko, ko bakin tafkin Volta. A cikin irinsa akan kafa wata taransifoma, ana ce da ita mai raba wuta. Cikinta naɗin waya biyu ne a kan ƙarfe guda, ɗaya na gari, ɗaya na jirgi, ba sa taɓa juna. Ƙarfin maganaɗisu kaɗai ke ƙetarar da wutar. Watau jirgi yana shan wutar gari, amma babu wayar da ta haɗa jikinsa da tudu.

Amfaninta biyu ne. In babu ita, jiragen da ke jone a gaɓa ɗaya wayar ƙasa takan haɗa su, ruwa kuwa yana tsakaninsu, sai su zama kamar batir guda. Wata 'yar wuta ta riƙa cin tutiyar da aka liƙa don kare jirgi, in ta cinye ta koma kan farfela da jikin jirgin. Wannan hasarar dukiya ce. Na biyun kuwa maganar rai ce. In waya ta goge ta taɓa ƙarfen jirgi, wutar takan nemi hanyar komawa tudu ta cikin ruwa. Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta fiye da jikin mutum, amma ruwan daɗi irin na Volta ko Kainji bai kai jikin mutum ba, saboda haka wutar takan bi ta jikin mai iyo. Kaɗan daga cikinta ya isa ya sandarar da hannu da ƙafa, yaro ya nutse, a ce ruwa ne ya ci shi. In akwai taransifoma, wutar da ta ɓalle a cikin jirgin take komawa.

To, in ta lalace fa? Alamunta su ne gurnani mai ƙarfi, da zafin da hannu ba ya iya jurewa, da ƙaurin ƙonewar waya. Amma in makunnin gaɓa ya kan faɗi daidai lokacin da aka jona, ba lalle ne ta mutu ba, domin taransifoma takan fizgi wuta da yawa a tashin farko. A kira mai gyaran wuta ya auna tsakanin naɗin biyu da ma'auninsa. Kafin ya sa hannu a zare wayar gari, a kashe janareta da na'urar da ke mai da wutar batir ta zama irin ta gida.

Abin da muke ƙi shi ne dabarar nan ta cire ta a haɗa wayoyi kai tsaye, wai kafin a sami sabuwa. Fitilu za su kama sarai, kowa ya ce an gyara, alhali kariyar duka ta tafi. Akwai wani ƙaramin akwati mai araha da akan sa a kan wayar ƙasa, yana tsare cin ƙarfe, amma ba ya raba jirgi da wutar gari.

Sa'an nan sai maganar sayayya. Wutar Saudiyya tana kaiwa da komowa sau 60 cikin daƙiƙa ɗaya, ta Gana da Nijeriya da Nijar kuwa sau 50. Taransifomar da aka ƙera don 60 kaɗai, in an jona ta a 50, nauyin da ke kan ƙarfenta yakan ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar, ta riƙa zafi har ta ƙone. Ta 50 kuwa tana aiki lafiya a 60. Kada kuma a zaci taransifoma tana sāke wannan bugun, yadda ya shiga haka yake fita. Saboda haka mai sautu ya dubi allon jikinta ya ga an rubuta 50/60 Hz.

Har ila yau, a 2010 majalisar ministocin Saudiyya ta yanke shawarar barin wuta mai ƙarfin 127 da 220 a koma 230 da 400, a hankali cikin shekara 25. Don haka ana iya tarar da tsoffin kaya na 127 a wajen masu sayar da kwance, da araha mai jan ido. Namu 230 ne. A kuma tabbata mai naɗi biyu ce, domin 'yan ƙananan da ake sayarwa don rage ƙarfin wuta galibinsu naɗi ɗaya gare su, ba sa raba komai. Mai jirgi ya rubuta wa mai sautu lambobin tsohuwar a takarda, har da yawan wutar da take ɗauka, kafin ya tashi.