Ba A Gama Taro Ba Sai An Share Fage

Duk wanda ya taɓa riƙon alƙalamin kwamitin shirya taro ya san abin da akan fara rubutawa: kuɗin rumfuna da kujeru, kuɗin lasifika, abincin manyan baƙi, da man motoci. Abu guda ne da wuya ka gan shi a cikin takardar, watau abin da za a yi wa filin bayan jama'a sun watse. Baƙi kan koma gidajensu suna yabon karamcin gari, amma mutanen gari su ke kwana da shara, da hayaƙi, da ƙazantar da aka bari a bakin rijiya. Maganar da za mu yi ke nan yau, kuma ta fi shafar ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman makaranta, gama su ne kullum ake ɗora wa rubuta tsarin taro.

Arewacin Zamfara ba baƙon taro ba ne. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar masu gyaɗa da auduga, kuma tun 1983 yana da babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Gwamnatin Tarayya, wadda ke tara ɗalibai daga ko'ina. Kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis ta yi suna har Jamhuriyar Nijar da kudancin Nijeriya. Zurmi kuwa tana kan iyaka, ga Katsina a gabas, ga Nijar a arewa. In ka haɗa da Idi, da Mauludi, da musabaƙa, da naɗin sarauta, da taron siyasa, sai ka ga shekara ba ta ƙarewa sai an yi taron dubbai sau da yawa. A 2021, sa'ad da Gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako saboda ɓarnar 'yan bindiga, kowa ya ɗanɗana yadda gari ke zama in babu taro. Saboda haka ba cewa muke a rage taro ba. Abin nema shi ne a yi shi yadda ba zai cuci ƙasar da ta ɗauke shi ba.

A da, sharar taro ba ta da wuyar sha'ani. Ruwa a randa yake, ana sha da moɗa. Fura a ƙwarya, tuwo a akushi, goro a cikin ganye, kaya a mangala ko a kwando. Abin da aka zubar duka mai ruɓewa ne, da bazara manomi ya kwashe juji a kan jaki ya kai gona ya zama taki. Ga kuma Sarkin Kasuwa da yaransa, ga duba-gari na En'e wanda mahauta da masu tuwo ke shakkar zuwansa. An rushe tsarin En'e a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sa'an nan daga baya leda ta shigo ta kori ganye da ƙwarya.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. A ce mutum 5,000 suka taru, kowa ya sha ledar ruwa 3 kafin la'asar. Leda 15,000 ke nan a ƙasa, watau jaka 750 in kowace jaka tana ɗauke da 20. Ruwan da ke ciki duka lita 7,500 ne, tun da kowace leda rabin lita ce, abin da tankar ruwa guda za ta kawo. To, ina waɗannan ledoji za su? Iska ta kwashi wasu ta rataye a ƙaya. Wasu su toshe magudana, ruwan damina ya kwanta, sauro ya sami gida. Wasu ruwa ya ja su zuwa gulbin Gagare ko na Bunsuru. Saniya da tunkiya kan haɗiye wadda ke da ɗanɗanon gishiri ko mai, ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa mai ita bai san dalili ba, sai ran da mahauci ya farke ciki. Wanda ya ce zai huta ya cinna wa tarin wuta, hayaƙin nan guba ne ga ƙirjin yara da tsofaffi. Takin juji ma yanzu sai manomi ya tsince leda kafin ya watsa.

Abu na biyu, kuma shi ya fi haɗari, shi ne bayan gida. Taron dubbai ba tare da salga ba, ma'anarsa kowa ya nemi bayan katanga ko bakin gulbi. Ruwan sama na fari ya wanke wannan ƙazanta ya kai rijiya. A 2021 cutar kwalara, watau amai da gudawa, ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Zamfara tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna faɗa cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya, a kuma ajiye ruwa da sabulu a ƙofa. Haƙa ramuka da kafa zana aikin yini biyu ne, bai kai kuɗin jinyar unguwa guda ba.

Na uku shi ne itace. Kowace babbar tukunya da aka ɗora a murhun duwatsu uku, yawancin zafinta a iska yake tafiya. Ƙasar Zurmi tana da dajin da aka keɓe tun zamanin Turawa, amma gatari da gona sun ci shi ƙwarai. Zamfara tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da ke cikin shirin katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tsai da hamada. Ba daidai ba ne a yi taron dashen itace da safe, da rana a dafa wa baƙinsa shinkafa da ɗanyen icen da aka sare jiya. Murhun laka mai kewaye tukunya, da rufe tukunya da murfi, da jiƙa wake tun dare, duk suna rage itace, kuma babu wanda ya fi ƙarfin maginin ƙauye.

Kada wani ya ce wannan magana ta Turawa ce. Dubi aikin Hajji, wanda a 2024 ya tara fiye da mutum miliyan 1.8. A da naman hadaya mai yawa a Mina yake lalacewa, sai a binne. A 1983 Gwamnatin Saudiyya ta danƙa wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi aikin yanka da adana naman, ana daskarar da shi a raba wa mabukata a ƙasashe da dama. A filin Arfa kuma an dasa dubban itatuwan darbejiya, watau dogon yaron nan namu, don alhazai su sami inuwa. Amfanin inuwa ba abin wasa ba ne, gama a Hajjin 2024 zafi ya yi tsanani har fiye da mutum 1,300 suka rasu. A Ingila, shirin wasannin Olamfik na Landan na 2012 shi ya haifar da ƙa'idar duniya ta shirya taro mai lamba ISO 20121, wadda gindinta shi ne a auna ɓarnar taro tun kafin a yi shi. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, Jihar Legas kuma ta hana fararen robobin abincin nan da ake ci a yar a 2024.

Mu ba sai mun jira doka ba. Tun ran gini, tun ran zane. Ran da aka zauna rubuta kasafin taro, a sa layin shara da na salga kusa da layin abinci, a ware kuɗinsu kafin a taɓa na rumfa. A naɗa mutum guda da sunansa wanda za a tambaya in fili ya kwana da datti, gama aikin da aka ce na kowa ne ba mai yin sa. A kawo tankar ruwa mai tsabta da famfuna, a ce wa jama'a kowa ya zo da gorarsa. A ba da abinci a faranti da za a wanke, abin da ya rage a raba shi tun da zafinsa. A ajiye kwanduna iri biyu, ɗaya na abin da ke ruɓewa don taki, ɗaya na roba da gwangwani don masu sayen su. In da hali a haɗa baƙi a mota guda maimakon goma, a kuma yi taron da hantsi, lokacin da ba a bukatar janareta don fitila.

Malamin makaranta yana da nasa rabo. Ranar wasannin makaranta ko ta ba da kyauta, ya sa 'yan aji shida su ƙirga buhunan sharar da aka tara, su rubuta a littafi, baɗi a gwada a gani ko an ragu. Ga darasin lissafi, ga na kiwon lafiya, a wuri guda. Ya kuma roƙi kowane babban baƙo ya dasa itace, a ba aji guda amanar ban ruwa har damina ta sauka, domin dashen da ba a shayar ba hoto ne kawai.

Akawu kuma, in ya zo rubuta rahoton taro, kada ya tsaya ga yawan waɗanda suka halarta da jawaban da aka yi. Ya ƙara layi guda: ran kaza aka share fili, wane ya duba, ya sa hannu. Sai wannan layi ya shiga takarda sa'an nan a rufe fayil. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.