Cinikin Biri a Sama: Doguwar Yarjejeniya da Matasan Kwatabak

A watan Yulin 2020, Patrick Mahomes yana ɗan shekara 24 ya sa hannu a takardar da ta ɗaure shi da ƙungiyar Kansas City Chiefs na ƙarin shekara goma, a kan dala miliyan 450. Watanni biyar kafin nan ya ciyo musu kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka ta NFL. Wasu suka ce ƙungiyar ta yi wauta, wasu suka ce yaron ne ya sayar da kansa da araha. Kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Ga wanda bai saba kallon ƙwallon Amurka ba, kwatabak shi ne ɗan wasan da ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari. Shi zai dubi yadda abokan hamayya suka tsaya, ya yanke shawara cikin daƙiƙa biyu ko uku, ya jefa, alhali ƙarti masu nauyin fiye da kilo ɗari sun taso su murƙushe shi. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar NFL, amma gwanayen wannan gurbi ba su kai yawan ƙungiyoyin ba. Duk wadda ta samu nata ba ta son ya suɓuce.

Matsalar tana farawa ne daga iyakar albashi. Gasar ta ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe wa 'yan wasanta a shekara: dala miliyan 198.2 a 2020, miliyan 255.4 a 2024. Daga wannan tukunya ɗaya mutum 53 za su ci. In kwatabak ya kwashe miliyan 50, masu tsaron lafiyarsa da masu cafe ƙwallonsa su za su ji a jikinsu.

Sai kuma dokar 2011. Kafin ta, sabon shiga kan wawuri dukiya tun bai taɓa ƙwallo ba. Sam Bradford ya samu tabbacin dala miliyan 50 a 2010 bai buga wasa ko ɗaya ba. Yanzu yaron da aka ɗauko daga jami'a yana karɓar albashi ƙayyadadde na shekara huɗu, kuma ba a sabunta masa sai ya cika kaka uku. Nan ne gizo ke saƙar. Kaka uku ba ta isa a san maci tuwo ba, don miya ba ta ƙare ba: yaron yana wasa cikin zaratan da arhar albashinsa ta ba da damar a sayo. Ranar da aka biya shi, zaratan za su ragu, sannan a ga ko shi ne gwanin ko kuwa su ne.

Philadelphia Eagles ta ɗanɗana wannan. A 2019 ta ba Carson Wentz dala miliyan 128 na shekara huɗu. Wasansa ya lalace a 2020, aka miƙa shi ga Indianapolis a 2021, tun sabuwar yarjejeniyar ba ta fara aiki sosai ba. A ƙwallon Turai da muka fi sani, ƙungiya kan sayar da ɗan wasa ta mayar da wani abu na kuɗinta. A NFL kuwa kuɗin sa hannu da aka ba ɗan wasa ana rarraba lissafinsa ne a kan shekaru, in ya tafi sai ragowar ta faɗo wa ƙungiya gaba ɗaya. Mataccen kuɗi suke kiransa. Eagles ta ɗauki kusan dala miliyan 34 a lissafin shekarar saboda mutumin da ke sanye da rigar wasu.

A ganina, yawan shekarun da jaridu ke bugawa da manyan baƙaƙe ruɗi ne. Abin dubawa shi ne kuɗin da aka lamunce, wanda dole a biya ko ɗan wasa ya karye ko ya lalace. Daniel Jones ya sa hannu da New York Giants a 2023 a kan miliyan 160 na shekara huɗu, aka sallame shi a Nuwamban 2024. Shekarun ƙarshen ado ne kawai a takarda. Cleveland Browns ce ta toshe wa kanta wannan ƙofa. A 2022 ta ba Deshaun Watson miliyan 230 na shekara biyar, ko sisi ba a cire daga lamuni ba, bayan ta sadaukar da damarta ta zagayen farko a zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'a har na shekara uku. An dakatar da shi wasa 11 saboda zarge-zargen cin zarafin mata, kafaɗa ta kwantar da shi a 2023, jijiyar agara ta tsinke a 2024. Wasa 19 ya buga a kaka uku, kuma babu hanyar fita mai sauƙi.

Shi ma ɗan wasa gaba kura ce baya sayaki. In ya ƙi sa hannu yana jiran farashi ya tashi, karo ɗaya a gwiwa ya isa ya rushe komai, kamar yadda raunin gwiwa ya yi wa Robert Griffin III a farkon 2013. In ya amince da dogon zango, kasuwa ta wuce shi. Miliyan 45 a shekara da Mahomes ya karɓa ta girgiza mutane a 2020. Zuwa 2024 Dak Prescott, wanda bai taɓa zuwa Super Bowl ba, yana karɓar miliyan 60. Sai da Chiefs ta zauna a 2023 ta gyara wa Mahomes tsarin biyansa, domin gwanin da ya ga ana fifita na ƙasa da shi ba ya daɗewa da haƙuri.

San Francisco 49ers ta ci moriyar arha fiye da kowa. Brock Purdy shi ne na 262, wato na ƙarshe, a zaɓen 2022, albashinsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba, ya kuma kai su wasan ƙarshe a Fabrairun 2024. Da ya cika kaka ukunsa, a watan Mayun 2025, suka ba shi miliyan 265 na shekara biyar, a daidai lokacin da suka rabu da da yawa daga cikin zaratan da suka rufa masa baya.