Sake Fasalin Shafin Intanet: Darasi Daga Kasuwa Da Ilmin Halittu

Wanda ya shiga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ba ya shan wahalar neman kara. Shanu na gefensu, hatsi na nasa layin, masu yadi na nasu. Irin wannan tsari ne shafin intanet na kowace hukuma yake bukata, kuma shi ya fi yawan rasawa.

Mu ɗauki ɗalibin da ya kammala sakandare a Zurmi, yana neman gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983. Da wayar hannu zai duba, da ɗan datan da ya saya, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Tambayoyinsa kaɗan ne: yaushe za a rufe rajista, nawa ne kuɗin, wane kwas zai samu. To amma al'adar hukumomi a ko'ina ita ce jera bayani bisa ofisoshinsu, na shugaba, na magatakarda, na ma'aji. Ina yaro zai san ofishin da ke riƙe da amsarsa? Gwamnatin Birtaniya ta magance wannan a 2012, da ta buɗe GOV.UK, ta jera bayani bisa bukatar ɗan ƙasa, kamar fasfo da haraji da lasisin tuƙi.

Kula da shafin ya fi gina shi wuya, kuma a nan masu nazarin halittu muna da abin cewa. Tun 1753 Linnaeus ya ɗora tsirrai bisa ƙa'ida guda: kowane iri sunansa ɗaya, gurbinsa ɗaya. Haka bayani. Idan aka rubuta kuɗin makaranta a wurare biyar, ranar da ya canza za a gyara ɗaya a manta da huɗu, ɗalibi ya biya kuɗin bara. A rubuta shi wuri ɗaya, sauran su nuna hanya zuwa can.

Kayan aikin sun daɗe da samuwa. CSS, wanda ya fito a 1996, ya raba rubutu da ado, ta yadda gyara ɗaya zai sauya kamannin shafi dubu. WordPress kuwa, tun 2003, ya sa akawun magatakarda zai iya sanya sanarwa da kansa. Sharaɗin kawai shi ne kalmar sirri ta kasance a hannun hukuma, ba a aljihun ɗan kwangilar da ya riga ya koma Kano ba.