"Ai Itace Ne Kawai": Abin Da Hantarmu Ke Sha A Ɓoye

Duk wanda ya taso a Mainika ya san muryar nan. Mota ta tsaya ranar kasuwar Gwarzo ko ta Getso, lasifika a samanta, ana jero cututtuka: basir, sanyi, taifot, shawara, wai duk maganinsu na cikin kwalba ɗaya. Mun sha tsayawa muna dariyar barkwancin mai talla, wasunmu har sun saya. In ka tambayi illarsa, sai a ce maka ai itace ne kawai, ba ƙwayar Bature ba.

Hanta dai ba ta san wannan bambancin ba. Abin da muka haɗiye, da zarar hanji ya tsotse shi, wurinta jini yake fara kai shi. Ita ke sarrafa shi, ko saiwa ce ko ƙwaya. In ya fi ƙarfinta sai ta kumbura, kuma takan daɗe tana lalacewa ba mu ji ciwo ba.

Ba kakanninmu kaɗai ke shan irin waɗannan ba. A tsakaninmu akwai masu neman maganin ƙiba, da masu shayin rage tumbi, da samarin da ke son ƙirji ya buɗe kafin Sallah. Yawanci a waya muke ganin tallar. A 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a su daina shan Hydroxycut, wani haɗin rage ƙiba, bayan rahotanni 23 na cutuwar hanta. Cikinsu har da saurayi ɗan shekara 19 da ya rasu. Wannan fa mai kwali ne da sunan kamfani. Ina ga jiƙon da aka ɗura a tsohuwar robar ruwa, ba awo, ba sunan abin da ke ciki?

Mu kuma muna da ƙarin matsala. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawa ba su ma sani ba. Hantar da ke fama da wannan, a ɗora mata jiƙo safe da yamma, a bi da farasitamol, ina za ta kai?

Abin da ya fi damunmu shi ne shawara. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ga kasala da tashin zuciya. A gida sai a ce shawara ce, a ƙaro wani jiƙon. Alhali rawayar idon kan zama alamar hanta ta gaza, wani lokaci ma maganin farko ne ya jawo.

Lambar NAFDAC a jikin kwalba tana da amfani, mu duba ta. Sai dai mai harafin L a ƙarshe tana nuna an gwada ko maganin na cutarwa ne, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka lissafa ba.

In alamun nan suka bayyana gare mu ko ga ƙannenmu, a dakatar da duk abin da ake sha, a nufi Babban Asibitin Gwarzo a nemi gwajin hanta. A tafi da kwalbar. Likita zai tambayi me aka sha, kuma mun san yadda kunya kan sa mu ce "ba komai".