Karatun jestiyon: yaro ya samo lisansi, wa zai buɗe masa littafin kanti?

Kowace shekara, da an fiddo sakamakon jarrabawar bak, magana guda ce ke shiga gidaje a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa: yaro ya samu, to mi zai karanta? Likitanci na da tsawo, injiniyanci na son ƙarfin lissafi, fannin shari'a kuwa ya cika da mutane. Daga nan sai wani daga cikin dangi ya ce a sa shi jestiyon, watau ilimin tafiyar da kamfani da sha'anin kasuwanci. Ma'aikacin gomnati na karɓar shawarar domin yana hangen ɗansa cikin biro a banki. Ɗan kasuwa kuwa yana karɓa domin sunan ya yi masa kama da sana'arsa. Kaɗan ne ke tsayawa su tambayi abin da ke cikin karatun, alhali shekara 3 za a yi ana zuba kuɗɗi.

Wurin karatu dai yanzu ba shi da wuya kamar da. Jami'ar Yamai, wadda ta fara a 1971 kuma aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni a 1992, ta daɗe ita kaɗai ce ta gomnati a ƙasa tamu, mai hali kuma ya tura ɗiyansa Dakar ko Lome ko Abijan. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, ta Tawa kuwa tana da tsangaya ta shari'a da tattalin arziki da jestiyon. Ga kuma makarantu masu zaman kansu, waɗanda allunansu suka cika bakin gudiro a Yamai. Tsarin karatun ɗaya ne da na sauran ƙasashen UEMOA, wanda ƙungiyar ta amince da shi a 2007: lisansi shekara 3 ce bayan bak, zango 6, da maki 180 da ɗalibi zai tara, sannan mai son ci gaba ya shiga mastar.

Shekarar farko tushe ake zubawa, ilimin tattalin arziki da lissafi da ƙididdiga da gabatarwa ga shari'a. Nan ne yara da yawa ke faɗuwa, musamman waɗanda suka zo da zaton jestiyon mafaka ce ga mai gudun lissafi. Daga baya a shiga dokar kasuwanci da ta haraji, da dabarun saida kaya, da kula da ma'aikata, da sha'anin kuɗɗi da banki. Amma ƙashin bayan karatun duka shi ne kontabilite, ilimin riƙe littafin kuɗɗi. Dokarsa tsohuwa ce, wani ɗan Italiya mai suna Luca Pacioli ya bayyana ta cikin littafi tun 1494: duk kuɗɗin da suka motsa a rubuta su wuri biyu, inda suka fito da inda suka shiga, kuma dole bangarorin su daidaita. A wajenmu ana koyar da shi bisa tsarin OHADA, yarjejeniyar dokokin kasuwanci da aka sa wa hannu a tsibirin Moris a 1993, wadda ƙasashe 17 ke bi, har da Nijar. Ke nan littafin da yaro ya koyi riƙewa a Tawa, za a karanta shi a Kwatano ko Duwala ba tare da tafinta ba.

Bari mu kawo misali guda, domin mai karatu ya ga abin da ake nufi. A ce Alhaji ya sayi kamiyo a kan miliyan 30 na sefa, motar tana jigila tsakanin Gaya da Maraɗi. Ƙarshen shekara, bayan an cire kuɗɗin gazuwal da na direba da na gyara da na hanya, sai ya ga miliyan 8 a hannu, ya ce wannan ce ribarsa, ya ƙara gini, ya biya wa mutum biyu kujerar Makka. Ɗalibin shekara ta biyu zai ce masa, cikin ladabi, in motar shekara 5 za ta yi tana aiki, to kowace shekara tana cin miliyan 6 daga jikinta, ko da ba wanda ya zo karɓa. Ribar gaskiya miliyan 2 ce. Sauran 6 ɗin kuɗɗin sabuwar mota ne da ya kamata a ajiye. Wanda bai san wannan ba, shekara 5 zai yi yana cin uwar kuɗɗinsa yana godiya, sai ranar da injin ya buga ya rasa dalilin da ya sa aljihu ba komi. Haka ma maganar bashi: kanti na iya cika da ciniki, littafi ya nuna riba, amma kuɗɗin duk suna hannun masu ɗaukar kaya bashi, ranar biyan duwan ta zo a rasa na biya.

Kada wani ya ɗauka cewa manyan ƴan kasuwarmu ba su iya lissafi ba. Alhazan Maraɗi, waɗanda wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986, sun gina arzikinsu daga cinikin gyaɗa, sannan daga shigar da kaya Nijeriya, kuma akasarinsu ba su taɓa zama a benci na lakkwal ba. Suna da makarantarsu: yaro ya shiga hannun ubangida a matsayin bara, ya yi shekaru ana aikensa Kano da Jibiya, ana gwada amanarsa da kaɗan kaɗan, har ranar da za a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Mutumin da ya fito daga wannan makaranta ya san farashin naira da safe da na yamma, ya san wanda za a ba bashin miliyoyi da baki kawai da wanda ba za a ba ko dala ba. Ya kuma saba ƙidaya kayansa sau ɗaya a shekara domin fidda zakka. Babu malamin jami'a da zai koyar da wannan.

Inda gizo ke saƙar shi ne duk wannan ilimi a kan mutum guda yake zaune. Aljihun Alhaji da aljihun kanti ɗaya ne. Daga nan ake sayen kaya, daga nan ake cefane, daga nan ake biyan sadakin ƙane da kuɗɗin asibitin maƙwabci. Wanda ake bi da wanda ke bi, wasu a kai suke, wasu cikin ɗan ƙaramin kaye da ba mai iya karanta shi sai mai shi. Ranar da ta Allah ta kasance, masu bin bashi kan zo da wuri, waɗanda ake bi kuwa ƙafarsu ta yi nauyi. A raba gado yadda shari'a ta ce, wannan ya ɗauki mota, wancan ya ɗauki mangaza, wata ta samu fili, kowa ya karɓi haƙƙinsa, amma kasuwancin kansa ya watse. Duk wanda ya girma a garuruwanmu zai iya lissafa gidajen da sunansu ya cika kasuwa a da, yau sai ƙofa a rufe.

A ganinmu, a nan ne lisansin jestiyon ke da amfanin da ya fi kowane. Abu na farko da ake cusa wa ɗalibi shi ne kamfani daban, mai kamfani daban. Dokar OHADA ta ba da hanyar yin haka: mutum na iya kafa kamfanin da ake kira SARL, ko da shi kaɗai ne, kuma irin wannan kamfani ba ya mutuwa da mutuwar mai shi, sai in takardun kafa shi ne suka ce haka. Magada sai su gaji hannun jari, kowa gwargwadon rabonsa, motoci na kan hanya, kanti a buɗe. Ƙaramin ɗan kasuwa ma ba a manta da shi ba. Tun 2010 dokar ta tanadi matsayi mai sauƙin rajista domin masu ƙaramar sana'a, kuma tsarin kontabilite da ya fara aiki a 2018 ya yarda mai saye da sayarwa da cinikinsa bai kai miliyan 60 a shekara ba ya riƙe littafi mai sauƙi na shiga da fita. Banki kuma ba ya ba da bashi don kwarjinin babbar riga kamar da. An ga abin da bashin da ba a biya ba ya yi wa bankin BDRN, wanda ya rushe a 1990. Yau bilan ake tambaya, da lambar haraji, da rajistar kasuwanci.

Sai dai sau da yawa yaron da ya karanto wannan duka ba a barinsa ya taɓa littafin gidansu. Uba na jin nauyin ɗansa ya san iyakar dukiyarsa, ko yana tsoron abin da aka rubuta wata rana ya kai ga idon ma'aikatan lanho. Barorin da suka yi shekara 20 a gidan kuwa ba su murna da zuwan mai tambayar rasit. Sai a ba shi kujera da mabuɗin mota, a hana shi lissafi. Shi ma yaron yakan zo da nasa laifin: ya shigo kanti da faransanci, yana gyara wa uba magana gaban mutane, alhali bai san kuɗɗin dakon buhu guda daga tasha zuwa mangaza ba. Bayan wata 6 sai ya koma Yamai yana yawo da takardun neman aiki. ƴaƴa mata da suka yi wannan karatu, waɗanda galibi sun fi natsuwa da littafi, su ba a ma kawo sunansu cikin zancen.

Makarantun ma akwai magana a kansu. Misalan da ke cikin littattafan da yawa na kamfanonin Faransa ne, masu ma'aikata dubbai da kasuwar hannun jari. Ɗalibi zai iya fita bai taɓa yin darasi guda ba a kan abin da ke hana ɗan kasuwar Ƙwanni ko Magarya barci. Sefa a ɗaure take da Yuro a kan 655,957 tun 1999, naira kuwa tana hawa da sauka, wanda ya saida kaya bashi da naira na iya yin asara yana zaune. Waɗanda suka ga daren 11 ga Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, sun san yadda mai bashin waje ya wayi gari bashinsa ya ninka. Nijeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan takunkumin CEDEAO na 2023 ya tsaida kaya wata da watanni. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a yi zango guda ana nazarinsa a aji.

Ga ma'aikacin gomnati mai tsimin albashi domin karatun ɗansa, gaskiyar da ya kamata a faɗa masa ita ce zamanin da takarda ke kai mutum ga lambar matirkil kai tsaye ya wuce tun shekarun gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da FMI. Yanzu sai konkur, kujeru kaɗan, masu nema jibgi. Bankuna da kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji na ɗauka, amma wanda ya iya aiki da kwamfuta kuma ya taɓa riƙe littafi na gaske suke nema. Don haka kafin a biya jikka guda, uba ya je da ƙafarsa ya tambaya ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ba makarantar izini, kuma ko takardar wannan fanni ta samu amincewar CAMES, hukumar da aka kafa a nan Yamai a 1968, wadda ke tantance takardun jami'o'in ƙasashe masu amfani da faransanci. Ya tambayi su wane ne malaman dindindin, ya kuma tambayi inda ɗaliban bara suka yi sitaj, da ko aiki aka ba su ko aiken sayen shayi.

Maganar sitaj ɗin nan ma tana da mafita kusa. Kamfanonin da ke da biro da sakatare a ƙasa tamu ba su kai yawan ɗaliban da ke neman wurin gwaji ba, amma mangazu da kantuna da tashoshin mota ba su ƙirguwa. Ɗan kasuwar da ba ya son ɗansa ya ga littafinsa na iya karɓar ɗan ma'aikacin gomnati na wata 3 a lokacin hutu, ya damƙa masa reshe guda, ko na siminti ko na shinkafa, ya ce ya ƙidaya abin da ke ciki, ya rubuta shiga da fita, ya kawo masa lissafi ƙarshen kowane wata. Nasa ɗan kuma ya tura shi mangazar abokinsa.