Yaro Ya Iya Haɗa Baƙi, Amma Ya San Ma'anar Abin Da Yake Karantawa?

Iyaye da yawa a nan Makka, daga Shari'u Mansur zuwa Jarwal da Misfala, suna murna da zarar yaro ya gama Ƙa'idar Nuraniyya ya fara zuba karatu. Murnar ta dace, amma da sauran aiki. Haɗa baƙi daban, fahimta daban.

A shekarar 1986 masana biyu, Gough da Tunmer, suka bayyana cewa fahimtar karatu tana tsaye ne a kan ƙafa biyu: iya furta abin da aka rubuta, da sanin harshen da aka yi rubutun. Idan ɗaya ta karye, tafiya ta tsaya. Binciken Hu da Nation na shekarar 2000 kuma ya nuna mai karatu yana bukatar sanin kusan kalmomi 98 cikin 100 kafin ya fahimci labari ba tare da taimako ba.

Yaronmu harshe uku yake ɗauke da su: Hausa a gida, Larabcin Hijaz a unguwa, Fusha a littafi. A titi yana cewa "moya" da "dahin", a littafin makaranta sai ya tarar da "ma'un" da "al'ana". Zai furta su daidai, malam ya yaba, alhali bai gane ruwa da yanzu ake nufi ba.

Nan Hausa take da amfani, domin cike take da kalmomin Larabci. Lokaci daga "alwaƙt" yake, labari daga "alkhabar", allo daga "allauh", lafiya daga "al'afiya". Ku nuna wa yaro wannan dangantaka, kalmar za ta zauna masa. Sai dai a kula: "wasiƙa" a Larabci takardar shaida ce, saƙo kuwa "risala" ake ce masa. "Daƙiƙa" a wurinsu minti ce, mu kuwa sau da yawa sakan muke nufi.

Abin yi ba shi da wuya. Idan yaro ya karanta shafi, a rufe littafin, a ce ya ba da labarin da Hausa. Inda ya tsaya, nan kalmar da bai sani ba take. A fassara masa, a sa ta cikin zance, gobe a sake tambaya. A riƙa yi masa tatsuniya da hira, domin kalmar da kunne ya saba da ita ba ta yi wa ido wuya.

Allah Ya raya mana zuri'a, amin.