Dankali Cikin Shinkafa: Rigakafin Dundumi

A gidajen cikin birnin Kano, daga Jakara zuwa Dala, akan yanka dankalin Hausa cikin dafa-dukar shinkafa domin ta yi auki. Mutanen Japan ma suna da irin wannan girki, kuma dankali ya ceci rayuka da yawa can a yunwar 1732.

Amfaninsa ya wuce cika ciki. Shinkafa ba ta da bitamin A, wanda rashinsa kan jawo wa yara dundumi, wani lokaci har makanta. Dankalin da cikinsa yake ruwan goro yana ɗauke da sinadarin karotin mai yawa, wanda jiki ke juyawa zuwa wannan bitamin. Na farin dankali ƙalilan ne. Hanji ya fi tsotsar karotin idan akwai mai, saboda haka manjan dafa-duka ba don ɗanɗano kaɗai yake ba.